Karatu, neman na sabulu da hutun rai: abin da ya kamata ɗalibin Gure da magabatansa su sani

A ƙasar Gure karatun boko tafiya ce. Yaron da ya gama firamare a ƙauyen da babu kwaleji sai ya koma Kelle, ko Bune, ko Gidigir, ko Gure kanta. In ya ci BEPC yana son lise, galibi cikin garin Gure zai zauna ko ya wuce Damagaram. In Allah ya ba shi bak, sai jami'a: ta André Salifou a Damagaram, wajen kilomita 170 yamma a kan babbar hanyar RN1, ko ta Difa da aka kafa a 2014, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, fiye da kilomita 1000 daga gida. Duk matakin da ya taka yana ƙara nesa da tukunyar uwarsa, abin da zai biya da kansa kuma yana ƙaruwa: sabulu, kaye da biro, fotokofi, kuɗin mota, katin waya, wani lokaci har karin kumallo. Don haka a nan ba a tambayar ko ɗalibi zai yi aiki. Yana yi, namiji da mace. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne wane aiki, awa nawa, kuma wa zai ce ya isa haka.

Ƙasashen da ke karɓar ɗalibai da yawa daga waje sun yi wa abin iyaka da doka. A Ingila, baƙon ɗalibin jami'a ba ya wuce awa 20 na aiki a mako muddin ana cikin zangon karatu. A Faransa an yanka masa awa 964 a shekara, wanda in ka raba bai kai 20 a mako ba. Adadin ya zo daidai da abin da bincike a kan ɗaliban sakandare na Amurka ya sha nunawa: ɗan aiki kaɗan bai cika taɓa karatu ba, amma da zarar ya haura awa 15 zuwa 20 a mako, maki kan fara sauka, fashin aji ya ƙaru. Mu ma muna da namu ma'aunin. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ta kuma tsayar da makon ma'aikaci a kan awa 40. Mafi ƙarancin albashi ya koma jaka 42 na sefa a wata tun Janairun 2024. In ka raba wannan kuɗi da awowin wata, kowace awa tana kamawa wajen sefa 240, wato kusan dala hamsin. Kowa ya san ba da wannan doka ake aiki a tasha da kasuwa ba, amma ɗalibi na iya auna kansa da ita. Wanda ya wuni a shago daga azahar zuwa goman dare aka sallame shi da abin da bai kai rabin haka a kowace awa ba, ya san yadda ya sayar da lokacin karatunsa.

A yi lissafin mako tukuna, don yawancin ɗalibai ba su taɓa yi ba. Mako awa 168 ne. Cire barci, awa 8 kowane dare, 56 ke nan. Cire zaman aji, a ce awa 30. Salla, cin abinci, wanka da tafiya makaranta da dawowa, a ce awa 3 a rana, 21. Bitar darasi awa 2 a rana, 14. Abin da ya rage awa 47 ne, kuma a cikinsa ne za a fitar da aikin gida, da neman kuɗi, da islamiyya ko makarantar allo, da gaishe-gaishe, da hira. Wanda ke aikin awa 6 kullum ya cinye 42 a ciki. Sauran abubuwan ba su fasa neman haƙƙinsu ba, sai su shiga cin na barci da na bita, tunda su biyun ne ba su da bakin yin ƙara.

Ayyukan da ɗalibi ke samu a ƙasar Gure iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi yawan kuɗinsu muhimmanci. Akwai mai ƙarshe, akwai wanda ba a san ƙarshensa ba. Koya wa yaran wani gida karatu sau uku a mako, aiki ne mai ƙarshe: ka zo bayan la'asar, ka tashi kafin magariba, ga shi kuma kana ƙara riƙe abin da ka koya. Lodi da sauke kaya ranar kasuwa, ko taya dillali riƙon dabba a Subdu ko Gidigir, wuni ɗaya ne ya wuce. Ɗinkin hula, kitso, lalle, gyaran waya, duk ana iya ajiye su a ɗauka. Ban ruwa a lambun kwari da sassafe yana da lokacinsa. Haka aikin kafa shingen kalumbo da kaba don tsayar da rairayin da ke binne kwaruruka, wanda ake biya bisa abin da mutum ya yi. Wanda ba a san ƙarshensa ba shi ne tsaron shago, da talla, da kabu-kabu. Mai shago ba ya rufewa sai ciniki ya ɗauke. Mai talla ba ta komawa gida sai faranti ya ƙare.

Kabu-kabu ya cancanci a daɗe a kansa, don shi ne ya fi jan samari, kuma shi ne ya fi cin karatu. Babur ba na yaron ba ne. Mai shi yana jiran kuɗinsa na yini, ko an samu ko ba a samu ba. Ga mai, ga faci, ga gyara. Sai an fitar da waɗannan duka kafin ɗan kabu-kabu ya ga nasa, kuma lokacin da fasinja suka fi yawa, safe da ranar kasuwa, shi ne lokacin aji. Yaro kan fara da niyyar yamma kawai. Ran da kuɗin maigida bai cika ba sai ya ƙara da dare. Ran da ya ƙara da dare sai ya makara. In gajiya ta yi yawa, akwai wanda zai miƙo masa tramol ya ce ai kowa da shi yake aiki. Tramol maganin ciwo ne mai kama jiki, yawan shansa yana kawo farfaɗiya, barinsa kuma yana da wuya. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: ɗalibin da ke ajin jarrabawa, na BEPC ko na bak, kada ya karɓi babur ɗin da ake biyan kuɗinsa kullum. In dole ne, ya yi Asabar da Lahadi, a yi ciniki a kan kwana biyun kawai.

Aikin da ya fi kowanne cin lokaci kuwa ba a biyan ko dala a kansa, ba a ma kiransa aiki. Shi ne na gidan mai masauki. Dubi yarinyar da aka kawo daga ƙauye aka ajiye gidan wani ɗan uwa ko abokin uba. Kafin assalatu ta tashi. Ta ɗauki jarka ta bi layin famfo, ta dawo ta yi shara, ta wanke kwanonin jiya, ta dama kunu, ta yi wa ƙananan yara wanka. Kafin ta sa kayan makaranta rana ta ɗaga, ta iso aji malam ya riga ya cika rabin allo. Ta dawo da rana ta tarar da surfe ko aike zuwa inji, da yamma girki ko talla. Bayan isha'i ta buɗe kaye da hasken tocila, kafin ta kai ƙarshen shafi kanta ya kife a kai. Ƙarshen shekara a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, a mai da ita gida, daga nan sai maganar aure. A ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ake aurar da su kafin shekara 18, wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga kowa. Saboda irin wannan ne gwamnati ta fitar da dokar kare ƴa mace mai karatu a Disambar 2017, kuma saboda shi ne aka yi gidan kwanan ɗalibai mata a Kelle, nan cikin ƙasar Gure, wanda ya zama abin misali ga waɗanda aka gina daga baya a wasu jihohi. Amma gidajen kwana ba su isa kowa ba. Yawancin yara, maza da mata, har yanzu a hannun masu masauki suke.

Ban ga laifin mai masauki don ya sa yaro aiki ba. Mutumin da ya ƙara baki a kan tukunyarsa shekara huɗu, alhali shi ma da ƙyar yake cika ta, ya yi abin a gode masa, kuma ɗan da ke cin tuwon gida dole ya taɓa aikin gida. Inda abin ke lalacewa shi ne ba a yin magana tun farko. Uba ya kawo yaro ya ce ga amana, ya juya. Yaron kuwa kunya ba za ta bar shi ya dubi babba ya ce yau ina da bita ba, in ma ya faɗa sai a ce boko ya sa masa girman kai. Shawarar da ake ba ɗalibai ta su zana jadawali su manna a bango ba ta da amfani ga wanda lokacinsa ke hannun wani. Jadawalin da zai yi aiki shi ne wanda manya suka amince da shi, kuma babba ne ya kamata ya nema wa yaro shi. Ranar da aka kawo yarinya, uban ya zauna da maigidan ya ce: "Alhaji, ga ƴarka nan. Ta yi wa Hajiya duk abin da ƴa ke yi wa uwa. Alfarma ɗaya nake roƙo, daga magariba zuwa bayan isha'i a bar ta da takardunta, makon jarrabawa kuma a ɗauke mata ruwan safe." Uwar ma ta shiga ciki ta faɗa wa uwargida haka, don ita ce mai rabon aikin. In an yi girbi a aiko da tiyoyin gero, ko wake, ko ɗan man shanu, komai ƙanƙantarsa. Gidan da ake tunawa da shi ya fi sauƙin ɗaga wa yaro ƙafa.

Haka yake tsakanin ɗalibi da maigidansa na sana'a. A faɗi lokacin tashi tun ranar kama aiki, a gaban wanda ya kawo shi: "Maigida, zan riƙa zuwa bayan la'asar in tashi da isha'i. Watan jarrabawa kuma ina neman izini, ƙanena zai tsaya maka." Wanda ya faɗi haka tun farko mai alkawari ne. Wanda ya bari sai jarrabawa ta zo sannan ya ɓace, sunansa mara amana, ko da uzurinsu ɗaya ne.

Shekara ma ba tafiya ɗaya take ba, kuma kuskure ne a raba aiki daidai a kan watanninta. Ana komawa makaranta a Oktoba, daidai lokacin da gero ke neman hannu, shi ya sa ƴan ƙauye da yawa ke rasa makonnin farko, waɗanda a cikinsu ake aza tushen lissafi da kimiyya na shekarar. A 2024 ambaliya ta sa an ɗage komawar zuwa 28 ga Oktoba, amma ba kowace shekara ake samun wannan sarari ba. Wanda girbi ya riƙe, ya nemi kayen abokinsa ya kwafe a makon da ya dawo, kada ya bari sai an sa ranar gwaji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, shi ne zinariyar shekara: dare da tsawo, jiki da ƙarfi, ƙwaƙwalwa na ɗauka. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura 40, ɗakin kwano ba ya zaunuwa da rana, karatun azahar wahala ce kawai. Jarrabawa na zuwa a Yuni da Yuli, tare da ruwan shuka. To ashe wanda ya ce zai nemi kuɗi da sanyi ya yi karatu in jarrabawa ta matso, ya sayar da lokaci mai kyau ya ajiye wa kansa mafi muni. Babban hutu, Yuli zuwa Satumba, shi ne na neman kuɗi da dukan ƙarfi: noma, ƙodago, kasuwanci, a tara na kaye da na sabulun wata da watanni.

A nan ne kuma ake yin asarar samari. Wani ya tsallaka Nijeriya, Nguru ko Gashuwa ko Kano, wani ya nufi Agadas, tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 kuma hankalin da yawa ya koma arewa. Tafiyar hutu ba laifi ba ce in an sa ranar dawowa, an kuma aiko da kuɗin gida ta Nita ko Amana maimakon a riƙe su a aljihu. Wanda ya ce bari in ƙara wata ɗaya, sau da yawa sai dai a ji labarinsa.

Game da yadda za a yi karatun kansa in lokaci ya yi kaɗan, ba sai mun je nesa neman dabara ba. Tsangaya ta daɗe da warware wannan. Gardi yana ɗinkin hula ko wanki ya ci da kansa, amma karatunsa na da lokutan da ba a taɓawa, asuba da dare, yana da ranakun hutu, Alhamis da Juma'a, kuma ba ya wanke allo sai ya bayar da hadda, ba ya barin tilawar baya don ya ƙara sabo. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan a 1885 ya ga cewa mafi yawan mantuwa na faruwa ne a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi zama ɗaya mai tsawo. Ma'anarsa ga ɗan lakwal ita ce darasin yau a duba shi yau, ko na minti 20 ne, a sake dubawa bayan kwana biyu, sannan ƙarshen mako. A rufe kaye a faɗi abin da ke ciki da ka, ko a rubuta a ƙasa, don karantawa da ido kawai tana sa mutum ya zaci ya iya. Awa ɗaya bayan sallar asuba ta fi uku na tsakar dare bayan wunin aiki. Ƙungiyar allo da ƴan ajin jarrabawa ke yi a ƙofar gida ko ƙarƙashin fitilar titi tana da amfani sosai in ba ta wuce mutum huɗu ko biyar ba, kowa kuma yana riƙe alli bi da bi. In ta kai goma ga butar shayi a gefe, ta zama fada.

A kuma san nauyin darussa. Ana haɗa maki a kan 20, ana neman 10 don wucewa, amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba. Ƙarin maki ɗaya a darasin da ake ninkawa sau 5 daidai yake da ƙarin biyar a wanda ba a ninkawa. Ɗan sashen D ya san lissafi, fizik da shimi da ilimin halittu ne ke ɗauke da shi, ɗan sashen A kuma faransanci, falsafa, tarihi da labarin ƙasa. Mai ƙarancin lokaci ya fara zuba shi inda ya fi nauyi.

A jami'a babu mai kiran suna kowace safiya, kuma wannan sake ne ke ruɗin sabon ɗalibi. Tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi ya raba lisans zuwa zango 6, kowane zango kiredi 30, jimla 180, kuma a cikin lissafin kowane kiredi an haɗa har da aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai bayan aji. Darasin da aka faɗi yana bin mutum bashi zuwa gaba. Kuɗin tallafi na hukumar ANAB ba kowa ke samu ba, kuma jinkirin biyansa na cikin abubuwan da suka sha fitar da ƙungiyar ɗalibai ta USN yajin aiki. Ɗakunan kwana da gidan abinci na CROU suna rage nauyi, amma ɗakunan ba su kai yawan masu nema ba. Saboda haka kada ɗan Gure ya sauka Damagaram ko Yamai da lissafin cewa tallafi zai riƙe shi daga watan farko. Ya zo da guzurin wata biyu ko uku, ya nemi aikin da ya dace da karatunsa: koyarwa a makarantar kuɗi, bitar yamma ga ƴan BEPC, buga takardu a kwamfuta, aikin tattara bayanai na ƴan kwanaki in hutu ya zo. Kafin ya karɓi awowin koyarwa ya tambaya ko za a iya sauya masa lokaci, don jadawalin jami'a yakan canja ba shiri.

Saura rai, wanda shi ake fara mantawa. Likitocin barci sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare, babba kuma aƙalla 7, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wanda ya kwana yana shan shayi mai kauri don ya haddace, ya zo ɗakin jarrabawa da rabin abin da ya karanta. Fada ba abokiyar gaba ba ce. A can ake jin labarin aiki, a can ake samun mai ranta maka kuɗin mota ran da aka yi rasuwa a gida, kuma yaron da ke baƙunta ba shi da dangin da suka fi waɗannan. A ba ta dare ɗaya ko biyu a mako, da ƙwallon yamma, da ziyarar Juma'a. Biki da suna a je a yi barka a dawo, ba sai an wuni ba. Waya ce ta fi wuyar sha'ani, don WhatsApp ɗin da ake turo darasi a ciki shi ne kuma ke cinye dare, kuɗin sabulu kuma ya tafi a sayen intanet. A lokacin bita a kashe ta, ko a ba wani ya riƙe. Ɗalibin da ya daina cin abinci, ya daina shiga mutane, ko yake yawan kuka shi kaɗai, ba lalaci ke damunsa ba. A jawo shi a ji damuwarsa, in ta kama a kai shi asibiti.

Akwai alamomin da ke nuna aiki ya fara cin karatu tun kafin takardar sakamako ta fito: gyangyaɗi a aji fiye da sau ɗaya a mako, kaye mai giɓin darussa, makara da ta zama ɗabi'a, faɗuwa a gwaji biyu a jere a darasi mai nauyi. In biyu daga ciki suka haɗu, a rage aikin a makon nan, kada a jira ƙarshen zango, don maimaita aji na da iyaka kuma kora na biye da shi. Ɗalibin da ba zai iya tunkarar mai masauki ko maigidansa ba ya sami malamin da ya yarda da shi ya shiga tsakani. Makarantunmu na da kwamitin gudanarwa na COGES, da ƙungiyar iyayen yara, da ta iyaye mata. A taronsu na farkon shekara, ban da maganar tebura da alli, ya kamata a rubuta sunayen yaran da ke zaune a gidajen masauki, a raba su tsakanin iyaye mata na ƙungiyar, kowace ta riƙa leƙa nata gidajen sau ɗaya a wata ta gaisa da uwargida, ta tambayi yarinyar ƙarfe nawa take kwanciya.